Ranar Da Aka Rubuta Mini Haramtacce A Gadon Baya

Jama'a, Litinin ɗin makon jiya, tun daga hantsi har azahar ni haramtacce ne, kuma duk wanda ya biyo bayana ya san da haka, sai ni kaɗai.

Ga yadda abin ya faru. Shekara ashirin da shida ke nan, duk safiya idan na karya kumallo nakan ratsa ta wani ɗan siririn lungu da ke bayan gidana, in ɓullo rumfar Kafinta, in zauna a bencinsa, in jingina da bangon katako, in saurari ƙaryar duniya a rediyonsa mai ɗaure da roba. Ran nan na tarar ba ya nan. Na zauna, na jingina kamar kullum. Na ji bangon da ɗan danshi, na ce raɓa ce. Da na gaji da jira sai na miƙe na tafi sabgogina, cikin farar rigata wadda ba na fito da ita sai ranar da nake so a san akwai dattawa a unguwa.

Na shiga kasuwa, na leƙa asibiti duba wani maƙwabci, na biya wajen mai gyaran tabarau. Ko'ina na gifta sai in ji ana ƙus-ƙus ana dariya, ni kuwa ina ƙara gyara tafiya, ina cewa a raina rigar nan dai ta yi. Sai da wani mai babur ya rage gudu ya ce, "Baba, yaushe za a rushe ka?" Na ce masa ubansa za a fara rushewa, ni in biyo baya. Ya yi gaba yana ƙyalƙyata dariya.

Ina shiga gida mai ɗakina ta dube ni, ta ce, "Malam, juyo." Na juya. Ta yi salati, sannan ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya har da share hawaye. Da na tuɓe rigar sai ga shi da jan fenti ɓaro-ɓaro, daga kafaɗa zuwa kafaɗa: HARAMTACCE. Rubutun ya fito a juye, amma mutanenmu idan abin dariya ne, ko a kife yake sai sun karanta.

Ta ce, "Ni dai shekara arba'in ina zargin haka, yau hukuma ta tabbatar."

Ba kowace magana ake biye wa mace mai dariya ba. Na saka wata rigar na koma rumfar da niyyar in ci wa Kafinta mutunci. Amma da na gan shi sai na fasa. Yana zaune a kan wata ƙofa da bai gama ferewa ba, ya zuba tagumi, zarto a ƙasa. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya raba shi da guduma.

Ya ce, "Baba, kwana bakwai suka ba ni. Litinin mai zuwa katafila za ta zo. Na bi mai fentin a guje har bakin titi, ko waiwayowa bai yi ba."

Baki tara ne ke ci daga rumfar nan, har da tsohuwarsa da ba ta gani. Ba shi da wani fili, ba shi da wata sana'a. Idan aka ture waɗannan katakai, an ture tukunyar gidansa ke nan.

Mai Aski, wanda shagonsa ke gefen dama, ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Ni ban da ni. Ni halastacce ne." Mai Faci daga gefen hagu ya ce, "Kai dai rufa wa kanka asiri. Fentin ne ya ƙare a kanmu, da kunnena na ji ya ce zai dawo."

Ni karatun boko ban yi da yawa ba, ajin manya na shiga bayan gemu ya fito. Amma kunne ina da shi, kuma rediyon Kafinta ya koya mini cewa a wajen manyanmu, Allah ya ƙara musu faɗin kujera, laifi ɗaya yana da sunaye fiye da 'ya'yan gidan yawa. Idan mai tura baro ya ajiye baronsa a bakin titi, wannan haramtacce ne. Idan mai shago ya ƙara rumfa, ya karya doka. Idan mai mota mai baƙin gilashi ya gina bene a kan hanyar ruwa, ba a bi ƙa'ida ba. Ku lura, ba a ce shi bai bi ba, an ce ba a bi ba, kamar ƙa'idar ce ta yi sauri ta bar kowa a baya. Idan kuwa wani Mai Girma ya haɗiye filin makaranta da bishiyoyinsa, sai ka ji an sami 'yar tangarɗa a takardu. Can ƙoli kuma akwai babbar yayarsu, wadda ba a fito da ita sai an sa baƙar riga an yi gyaran murya: abin ya saɓa wa tsarin mulki. Ita wannan ban taɓa jin an faɗe ta a kan talaka ba. Talaka bai kai ya saɓa wa tsarin mulki ba, hannunsa ba ya isa can.

Mu a layinmu muna da misali a tsaye. A bakin layin akwai katangar Mai Girma Mai Doguwar Katanga, Allah ya ja zamaninsa kamar yadda ya ja katangarsa. Katangar nan ta cinye kwata, ta cinye rabin hanya, ta haɗa da turken wutar lantarki ta mayar da shi ɗan gida. Duk damina ruwan da ya rasa hanya gidajenmu yake shigowa gaisuwa. Ita ma akwai jan fenti a jikinta, amma nata dogon bayani ne: AKWAI ALAMAR SAƁA WA ƘA'IDA, ANA KAN BINCIKE. Shekara goma sha ɗaya ana kan binciken. Har sau biyu ana zuwa sabunta fentin idan ya koɗe.

Ranar Talata na tasa Kafinta a gaba muka tafi ofishin masu jan fenti. Muka zauna a benci tun safe, muna kallon fanka mai fiffike biyu tana juyawa kamar ba ta so. Sai bayan azahar aka shigar da mu wajen Yallaɓai Babban Mai Hatimi. Mutum ne mai fara'a, ga taushin hannu, ga goran ruwa mai sanyi a gabansa wanda bai yi kuskuren yi mana tayi ba.

Kafinta ya ciro takardar izininsa daga cikin leda uku, duk ta yi ja don tsufa. Yallaɓai ya ɗaga ta sama, ya duba hatimi, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Takarda dai sahihiya ce."

Muka ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Sai dai ofishin da ya ba ka ita, daga baya an gano an kafa shi ba bisa ƙa'ida ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to shi ofishin an rushe shi?"

"A'a, an sauya masa suna. Ai a cikinsa kuke zaune."

Na ce, "Allah ya taimaki Yallaɓai, ni jahili ne, a ƙara mini ilimi. Mene ne bambancin rumfar wannan bawan Allah da katangar da ke bakin layinmu?"

Ya yi murmushi irin na malami ga ɗalibi mai ƙoƙari. "Baba, ita rumfa haramtacciya ce. Ita kuwa katanga akwai alama ne kawai."

"Turken wuta yana cikin gidan, ranka ya daɗe. Daga waje ana hango kansa."

"Shi ya sa aka ce alama. Ban da haka ma maganar tana gaban shari'a. Lauyoyinsa sun ce taɓa katangar ya saɓa wa tsarin mulki."

Na ce, "To shi Kafinta ba ya cikin tsarin mulkin?"

Ya ce, "Yana ciki mana, Baba, kowa yana ciki. Sai dai shi bai san shafin da yake ba." Ya miƙo mana takardar da hannu biyu, cikin ladabi, ya ce ai shi ba ya yanke hukunci. Hoto ake kawo masa, kalmar da ya gani a hoton ita yake buga wa hatimi. Allah ya saka masa, mutum mai gaskiya, ko tsawa bai yi mana ba.

Muka fito jiki a sanyaye.

Ranar Laraba na ɗauki galan na tafi layin mai, don injin markaɗen mai ɗakina ya kwana biyu a kashe, kuma idan ya yi shiru ita ba ta yi. Layin ya zagaye gidan man har ya dawo yana gaisawa da wutsiyarsa. An ce mana tankar tana hanya. Tun ina da baƙin gashi take hanya. Ina tsaye sai na lura da wanda ke gabana, wani ramamme yana tura babur, hannayensa jajir har gwiwar hannu, ga gwangwanin fenti a rataye, ga wasu fallayen kwano an ɗaure a baya, an huda haruffa a jikinsu.

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai ne ka ɓata mini riga."

Ya ce, "Ni ba na fentin mutane, Baba. Ba a ba mu umarni ba tukuna."

Da yake layin mai yana mayar da maƙiyi ɗan uwa, kafin mu matsa taku biyar mun zama abokan hira. Na tambaye shi wane babban malamin doka ne ke zaɓa masa kalmar da zai rubuta wa kowa. Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ke kunna rana.

Ya ce, "Wane malami? Igiya ce."

Ya kwance fallayen ya nuna mini. Guda uku ne. Na farko gajere, taku biyu: HARAMTACCE. Na biyu taku biyar: BA BISA ƘA'IDA BA. Na uku sai an jera guntaye shida, taku goma sha biyu, shi ne irin na katangar Mai Girma.

Ya ce, "Umarnin da aka ba mu shi ne rubutu ya zama layi ɗaya, ya cika bango, ya fito raɗau a hoto. Shekarun baya wani ya rubuta gajeren a kan wata doguwar katanga, a hoto ya fito kamar ƙuda a kan bargo. Manya suka ce an wulakanta aikin ofis, aka mayar da shi gadi. Tun daga ranar kowa ya nemi igiya. In na zo sai in auna bango, kalmar da ta cika shi ita ce tasa."

"To kuma a ofis?"

"Gajere, katafila cikin kwana bakwai. Matsakaici, a zo a yi bayani. Dogo, a buɗe fayil."

"In an buɗe fayil fa?"

Ya ce, "Baba, ka taɓa ganin an rufe?"

Na jujjuya abin a raina. Wato duk tunanin da na yi shekara da shekaru, cewa akwai wasu masana a wani ɗaki mai sanyi suna auna nauyin laifi kafin su raɗa masa suna, ashe bango ake aunawa. Na ce masa to shi ke nan, Kafinta ya mutu? Ya ce shi dai aikinsa bai ƙare ba. Ranar rushewa dole katafila ta jira isowarsa, ya sake aunawa, ya ɗauki hoton tabbatarwa, don an taɓa rushe gidan wanka a maimakon gidan kaji. Abin da igiya ta faɗa ranar, shi ne.

Man bai zo ba. Amma ban taɓa dawowa daga layin mai da galan wayam ina murna ba sai ran nan.

Na tara su uku a rumfar. Na ce wa Kafinta, "Bangonka taku nawa ne?" Ya ce uku. Na Mai Aski huɗu, na Mai Faci uku da ɗan ɗori. Tsakanin Kafinta da Mai Aski akwai rata taku ɗaya inda ake zubar da gashi. Tsakanin Kafinta da Mai Faci kuwa akwai taku biyu, wato lunguna, hanyata ta shekara ashirin da shida.

Mai Faci ya lissafa da yatsu ya ce, "Goma sha uku."

Mai Aski ya ce, "Ni fa ba a rubuta mini komai ba. Don me zan haɗa bango da haramtacce?"

Na ce, "Kai, rufe mana baki. Taku huɗu gare ka. Wace kalma kake jin za ta shige ka in an sayo fenti?"

Ya duba bangonsa, ya duba na Kafinta, ya ajiye almakashi ya ce ina ƙusa.

Kafinta ne ya tsaya jan ƙafa. Ya ce, "Baba, kai da ka hana ni ƙara ko taku ɗaya tun ina saurayi, ka ce hanya ta jama'a ce, yau kai ne kake cewa in toshe lungu? Ai yanzu ne za mu karya dokar da gaske."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Ni ne mai tsawata wa unguwa idan an zuba shara a kwata. Amma na tuna tsohuwarsa. Na ce, "Shekara ashirin da shida kana ƙaramin mai gaskiya, ga inda ta kai ka. Gwada zama babban mai laifi na kwana huɗu mu gani."

Alhamis da Jumma'a da Asabar guduma ba ta huta ba. Ya ɓamɓare katakan da ke da jan fenti ya juya su ciki, ya fasa wata tsohuwar sif da ƙofofi biyu ya cike ratar, ya toshe lunguna ina kallo, ya bi saman da dogon katako ɗaya don kada a ga gaɓa. Mai Faci ya kawo ragowar farar ƙasa aka shafe. Mai Aski bai buga ƙusa ko ɗaya daidai ba, amma shi ya fi kowa ba da umarni. Ranar Lahadi ga bango sambal, taku goma sha uku, mai ƙofa uku. Har wata mata ta tsaya tana tambaya ko sabon kanti aka buɗe.

Litinin da hantsi muka ji rugugin katafila. Ta tsaya a bakin layi, daidai inuwar katangar Mai Girma, don nan ne kaɗai inuwa. Direban ya bar ta a kunne. Kafinta yana tsaye a ƙofarsa, gumi yana bin wuyansa, matarsa da 'ya'yansa sun yi cirko-cirko daga nesa da buhunan da za a kwashe kayan aiki.

Sai ga mai fenti a kan babur. Ya sauka, ya duba hoton da ke wayarsa, ya duba bango, ya sake duba hoto. Ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ya ciro igiyarsa ya ba Mai Faci bakin ya riƙe, ya ja, ya ja, igiyar ta ƙare bango bai ƙare ba.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin gajere."

Ya kwance guntaye shida ya jera. Muna tsaye muna kallo haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: AKWAI ALAMAR SAƁA WA ƘA'IDA, ANA KAN BINCIKE. Ya ja da baya ya ɗauki hoto, ya aika. Ba a yi minti goma ba wayar direban ta yi ƙara. Ya saurara, ya tofar da tsinken da ke bakinsa, ya juya katafila. Wajen juyawa saura ƙiris ta gogi katangar Mai Girma, sai da duk muka yi ihu, don kada bawan Allah ya saɓa wa tsarin mulki da rana tsaka.

Mai fentin bai nemi komai ba, in faɗi gaskiya. Ya dai yaba wata 'yar kujera da ke cikin rumfar har sau uku, a na huɗu aka ɗaura masa ita a bayan babur.

Kafinta ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, yanzu ni mene ne?"

Na ce, "Yanzu kai alama ne. Layinku ɗaya da Mai Girma. Ka riƙa gaishe shi da hannu ɗaya."

Don haka ina miƙa godiya ga manyanmu masu hangen nesa, da suka sauƙaƙa wa talaka ilimin shari'a har ya koma igiya. Da can sai ka sayar da gona ka ɗauki lauya kafin a sauya wa laifinka suna. Yanzu katako da ƙusa sun wadatar. Ina kuma ba da shawara, tunda hanya ta buɗe, duk wanda ya ga ya yi ƙaramin laifi kada ya tsaya nadama, ya yi maza ya faɗaɗa shi. Mai Aski ma tuni ya fara auna filin da ke bayansa, wai yana so a kai shi matakin tsarin mulki kafin damina.

Ni ne dai na yi asara. Lunguna ya tafi, yanzu sai na zagaya ta bakin layi, in bi gindin katangar Mai Girma, in tsallake ruwan da ya rasa kwata, kafin in isa bencin da a da taku ashirin ne tsakaninmu. Kuma ba na jingina sai na shafa bango da yatsa.

Rigar kuwa an wanke ta sau huɗu, fentin ya ce yana nan daram. A duk layinmu yanzu ita kaɗai ce haramtacciya. Na yi wa mai ɗakina ƙorafi cewa ni da ban taɓa cin taƙin ƙasar kowa ba, ni aka bari da gajeren suna. Ta auna gadon bayana da tafin hannunta, ɗaya, biyu, ta ce, "To Malam, da wannan bayan naka kamar allon wanki, me kake so ya shige shi? Ka ci abinci ka yi faɗi irin nasu, sai a rubuta maka ana kan bincike."